An ce mai yiwuwa lakata a ɗaure take, shin sai an yi mini tiyata?

Tambaya: Likita, shekaruna 34, kuma tun bayan haihuwata ta uku nake fama da ciwon ƙugu mai sauka har ƙafafu, ga fitsari da kan kufce mini. An yi mini hoton MRI, aka ce mai yiwuwa lakata a ɗaure take daga ƙasa. Shin ƙafafuna za su shanye ne, kuma tiyata ta zama dole?

Amsa: Malama, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. A jikin baligi, laka tana ƙarewa ne daidai ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu, waɗanda za ki ga an rubuta L1 da L2 a takardar hotonki, daga nan kuma sai wani siririn zare ya zarce zuwa ƙashin ɗuwawu. Idan zaren ya yi kauri fiye da milimita 2, ko kitse ya kama shi, ko tabon wata tsohuwar tiyata ya manne da lakar, sai ta kasa motsawa yadda ya kamata. Duk lokacin da mutum ya sunkuya sai ta miƙe kamar igiyar da ke ɗaure a turke, jinin da ke isa gare ta ya ragu, jijiyoyin ƙafa da na mafitsara su fara gazawa.

Galibi da abin ake haihuwar mutum, shi ya sa likita ke duba gadon baya ko zai ga curin gashi, ko ɗan rami, ko kumburin kitse. Wasu kan kai shekaru 30 ko 40 lafiya lau, sai naƙuda, ko haɗarin mota, ko ɗaukar kaya mai nauyi ya tayar da ciwon, saboda haka labarinki ba baƙo ba ne a wurinmu.

Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai masu laka a ƙasa da inda aka saba ganinta amma babu abin da ke damunsu, kuma irinsu sa ido kawai ake yi. Ki nemi ganin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, wanda a asibitocin koyarwa aka fi samu, ki kuma nemi a yi miki gwajin aikin mafitsara da hoton ƙoda. A nan nake so ki fi mayar da hankali, domin mata da yawa kunya ke sa su ɓoye maganar fitsari, ko su ɗora laifin a kan haihuwa, alhali fitsarin da ke kwana a mafitsara yana iya komawa sama ya lalata ƙoda ba tare da wani ciwo ya bayyana ba. Idan aka ce ki riƙa sa robar fitsari da kanki a kan lokaci, kada ki ƙi, ƙodarki ake karewa.

Tiyatar kuwa, manufarta a saki lakar don ciwon ya daina ci gaba. Raɗaɗi ne ya fi saurin lafawa bayanta, ƙarfin ƙafa kan ɗan dawo, amma mafitsarar da ta daɗe da lalacewa ba kasafai take komawa daidai ba. Tana da nata haɗarin: yoyon ruwan laka, shigar ƙwayoyin cuta, da sake mannewar lakar daga baya. A ganina, wadda alamominta ke ƙaruwa wata bayan wata bai kamata ta yi ta jinkiri ba, wadda kuwa nata suka tsaya cik tana da damar yin shawara a tsanake. Ciwon ya fi tafiya sannu a hankali, don haka ba a cika wayar gari a ga ƙafafu sun shanye farat ɗaya ba.

Kafin ranar ganin likita, ki rage sunkuyo wajen shara da wanki, ki bar ɗaukar jarkar ruwa, idan ruku'u da sujada na tayar da ciwon ki yi salla a zaune, kuma kada ki yarda mai ɗori ko mai tausa ya ja bayan ko ya danne shi. Ki riƙa rubuta yawan fitsarinki da inda ƙafar ke sagewa, ki tafi da takardar tare da maigida ko wata 'yar'uwa da za ta taya ki sauraro. Amma idan fitsari ya tsaya gaba ɗaya, ko bayan gida ya fara kufce miki, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara jan ƙasa, ki tafi sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne.