Tambaya Mabuɗin Ilimi: Ƙyandar biri tsakanin gonar koko da zango

Wasiƙun wannan karo yawancinsu daga zangunan Kumasi suka zo, kuma duk a kan mpox ne, cutar da aka fi sani da ƙyandar biri. Mun zaɓi huɗu.

Assalamu alaikum. Ƙanena yana aikin koko a wani ƙauye ta wajen Sefwi. Ya aiko mini da ɗansa mai shekara 7, jikinsa duk ƙuraje, har tafin hannu, ga wuyansa ya kumbura. Maƙwabta sun ce farankama ce, in shafa masa farar ƙasa. Yaron kuwa gwanin kamun gafiya ne a gona. Yaya zan gane? Daga wata uwa, Aboabo.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abu uku a wasiƙarki suka sa muka fara da ita: tafin hannu, kumburin wuya, da gafiya.

Farankama, ko ƙarambau, ƙurajenta a sama-sama suke, masu ruwa, da an taɓa su sun fashe, kuma ƙaiƙayi ne babban abin da ke damun yaro. Sun fi taruwa a ƙirji da baya, kuma suna fitowa kashi-kashi: wani sabo, wani ya yi ruwa, wani ya bushe, duk a wuri ɗaya. Da wuya su kai tafin hannu ko tafin ƙafa.

Na ƙyandar biri sun nutsa cikin fata, da tauri in aka danna, sau da yawa da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya, kuma zafi suke yi kafin daga baya su yi ƙaiƙayi. Sun fi son fuska, hannuwa, ƙafafu, cikin baki da al'aura. Tabo ne da farko, ya taso, ya yi ruwa, ya yi mugunya, sannan ya yi ɓawo, kuma na wuri ɗaya sukan yi wannan tafiya tare. Ki taɓa ƙarƙashin haɓarsa, hamata da matsematsi. Kaluluwa a waɗannan wurare ita ce alamar da ta fi raba cututtukan biyu.

Duk da haka ido ba ya yanke hukunci, don a Kwango an sha samun yaro ɗaya ɗauke da cututtukan biyu. Ki kai shi asibitin gwamnati mafi kusa yau ɗin nan, da riga mai dogon hannu da takunkumi, ki faɗa wa nas abin da kike zargi tun daga ƙofa don kada a zaunar da shi cikin layi. Gwajin ba na jini ba ne. Da auduga ake goge kan ƙurjin, a tura ɗakin gwaji irin na KCCR da ke jami'ar KNUST ko Noguchi da ke Legon. Farar ƙasa kuwa a bar ta, haka toka da man bilicin. Suna cusa datti cikin gyambo, kuma suna ɓata abin da za a ɗauka a gwada. In akwai zazzaɓi a ba shi farasitamol daidai nauyinsa. Kada a ba shi asfirin, domin in ta tabbata farankama ce yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yaro.

A kuma kira ƙanin naki a tambaye shi sauran yaran da suke kwana tabarma ɗaya da wannan.

Ni dattijo ne, na haura 70. Mu Musulmi ba ma cin biri, kuma tun muna yara ake cin naman daji ba mu ji wannan cuta ba. Me ya kawo ta yanzu? Daga wani dattijo, Asawase.

Baba, Allah ya ƙara muku lafiya. Sunan ne ya ruɗa mutane. A 1958 aka fara ganin ƙwayar cutar jikin biran da ake bincike da su a Denmak, sai sunan ya manne. Biri kamuwa yake yi kamar yadda mutum ke kamuwa. Waɗanda aka fi zargi da riƙe ta a daji ƙananan dabbobi ne masu gaigaya: kuregen bishiya, gafiya da wasu ɓeraye. Wannan ruɗani da ƙyamar da sunan ke jawowa na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma kiranta mpox a ƙarshen 2022.

Mu a Gana muna da hujja a hannu. A 2003 an yi jigilar ƙananan dabbobi kusan 800 daga ƙasar nan zuwa Tekzas a Amurka don masu kiwon sha'awa, cikinsu da gafiya da kurege. Suka sa wa wasu dabbobin can, mutum 47 suka kamu a jihohi shida. Amma sai a watan Yunin 2022 aka fara tabbatar da ita jikin mutum a nan gida. Ƙwayar da ta isa ta ƙetare teku a 2003 ba za a ce ta yi shekara 19 tana barci ba. Mu dai a ganinmu, an daɗe ana yi da ita a ƙauyuka ana kiranta farankama. Mutumin da ke tafiyar rabin yini kafin ya kai ƙaramin asibitin CHPS, kuma ya san ƙurajen za su bushe cikin mako biyu zuwa huɗu, ba zai bar gona ya je a gwada shi ba. Saboda haka alkaluman da ake bugawa sun fi nuna inda ake gwaji, ba inda cutar ta fi yawa ba.

Yanzu ku duba dantsenku, Baba. Wannan tabon lamba na rigakafin agana ne, kuma agana da ƙyandar biri 'yan gida ɗaya ne. Binciken da aka yi a Kwango a shekarun 1980 ya nuna lambar tana ba da kariya kusan kashi 85 cikin 100. Da aka ayyana kawar da agana a 1980 sai aka daina yi. Duk wanda aka haifa bayan nan, wato 'ya'yanku da jikokinku, ba shi da wannan garkuwa. Ga saran kurmi don noma da haƙar zinariya, wanda ya kusanta mutum da dabba. Nijeriya ta yi kusan shekara 40 ba ta ga cutar ba, sai ga ta a Bayelsa a 2017.

Game da nama, haɗarin ya fi yawa kafin ya shiga tukunya: cizo ko yakushi wajen ciro dabba daga tarko, jini a hannun mai fiɗa, babbaka da yayyankawa. A ƙauye yara ne ke wannan aiki, shi ya sa su suka fi kamuwa, kuma ta fi yi wa mai tamowa illa. Dabbar da aka tsinta a mace ko tana layi kada a taɓa ta. Nau'in da ke Afirka ta Yamma ya fi na kurmin Kwango sauƙi, yawanci ana warkewa, amma yana kisa, musamman jarirai da masu HIV da ba sa shan magani. Mai ciki kuma yana iya zubar mata da cikin.

An tabbatar wa mijina, an ce ya yi jinya a gida. Ɗaki ɗaya muke da yara uku a gidan haya, banɗaki ɗaya da mutum sama da ashirin. Ina zan sa shi? Daga wata matar aure, Sawaba.

'Yar'uwa, ba kowa ke da ɗakin keɓewa ba, kuma akwai abin yi. Yaran su koma wajen dangi, amma a gaya wa dangin gaskiya, a riƙa duba jikinsu da zafinsu kullum har kwana 21, don iyakar lokacin da cutar ke ɓuya ke nan. In babu inda za su, a raba ɗakin da labule, a bar taga a buɗe, shimfiɗarsa ta yi nesa da taku aƙalla mita ɗaya. In kina da ciki, wani ya karɓi jinyar.

Tabarma, zanin rufa, tawul, soso, buta, kofi da cokali, duk ya zama nasa shi kaɗai. A wajen wanki aka fi yin kuskure. Mace ta ɗauko zanin gado ta kaɗe shi kamar yadda ta saba, ɓawon ƙuraje ya tashi kamar gari, ta shaƙa. Ki naɗe shi a hankali, da safar hannu ko leda a hannu da takunkumi a fuska, ki jiƙa a ruwa mai zafi sosai da sabulu, ki wanke shi daban, ki shanya a rana. Ɗakin ma a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya.

Banɗaki ya shiga a ƙarshe, a wanke bayansa da ruwan parazon, wato bilic ɗin wanki mai kulorin. In kwalbar ta ce kashi 5 cikin 100, murfi ɗaya a zuba masa murfi 49 na ruwa, a haɗa sabo kullum, don na jiya ya rasa ƙarfi. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Shi kuma kada ya fasa ƙurji, kada ya yi aski a inda suke, ya yanke farce. Na baki, ya kurkure da ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya, sau huɗu a rana. Na ƙasa, ya zauna cikin ruwan ɗumi a baho. Babba yana shan farasitamol giram ɗaya duk awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini. Sallah a gida, har Juma'a.

A koma asibiti ba jira in ƙurji ya fito a ido ko kusa da shi, in ya kasa haɗiya ko fitsari, in numfashi ya yi wuya, ko gyambo ya yi ja yana wari. Na ido kan bar tabo a kan ƙwayar ido, ya makantar. Sai duk ɓawon ya zube, sabuwar fata ta fito a ƙarƙashi, sannan ya daina yaɗa ta.

Akwai rigakafi? Kuma gaskiya ne ana ɗauka ta wajen kwanciya? Daga wani matashi, Tafo Zango.

Gaskiya ne, kuma ta wannan hanya ta fi bazuwa tsakanin manya a birane da garuruwan haƙar ma'adinai. Wani ƙurji ɗaya ko biyu kawai zai gani a gabansa, ya ɗauka ciwon sanyi ne, ya nufi kemis. Amma ba ita kaɗai ce hanya ba, don haka kada a yi wa mai ita mummunan zato: uwa na ɗauka wajen goyo.

Rigakafi kuwa akwai: allurar da ake kira MVA-BN, sau biyu ake yi, kwana 28 tsakani. Ba ta wadata ba, ana fara ba ma'aikatan lafiya da waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar. In ka taɓa mai ita, ka je ofishin lafiya na gunduma cikin kwana huɗu. Har kwana 14 ana iya yi in alamu ba su fito ba. Wanda ya warke kuma ya riƙa sa kwaroron roba na mako 12.