Amsa: Yadda za ka auna faɗaɗar birnin Kano da hotunan tauraron ɗan Adam

Malam, ka tambayi yadda za ka gano gonakin da gine-gine suka cinye a kewayen Kano tun daga shekarun 1980. Ka sauke hotunan Landsat, wato jerin taurarin ɗan Adam masu ɗaukar hoton ƙasa, kyauta daga shafin intanet na EarthExplorer, ka buɗe su a QGIS, manhajar haɗa taswira a kwamfuta. Ɗauki uku, misali na 1986, 2002 da 2022. Kowane ɗigo a cikinsu faɗin mita 30 ne a ƙasa, don haka unguwa za ka gani, ba gida ɗaya ɗaya ba.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wajen zaɓen wata. Da rani, gidan ƙasa da gonar da aka girbe launinsu ɗaya, sai kwamfuta ta lissafa gona a matsayin gari. Da damina kuwa gajimare ne, daga Disamba kuma ƙurar hunturu. Ka tsaya a kan Oktoba, lokacin da gonaki ke da sauran kore, kuma wata guda a duk shekarun.

Ka guji Landsat 7 bayan Mayun 2003, domin na'urarsa ta samu matsala, hotunan suna da zane-zanen giɓi.

Daga nan ka taka da ƙafarka zuwa Kumbotso ko Ungogo, ka gwada taswirarka da abin da dattawan wurin suka sani.