Zancen sunan da ka tambaye ni

Ɗana, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya zafin Yamai? Mu nan lafiya lau. Na leƙa matarka gidan iyayenta a unguwar Bagalam nan Maraɗi, ciki ya tsufa, ƙafafu sun ɗan kumbura, amma tana zuwa awo yadda aka ce mata. Allah ya raba su lafiya.

Na ga tambayarka. Ka ce wasu samarin majami'arku sun ce maka taron suna na kwana bakwai, da rago da goro da wanzami, abin Musulmi ne. Mai bi sai dai ya kai jaririnsa gaban ikilisiya ran Lahadi a sa masa albarka, magana ta ƙare. Kana son ka ji ko ka bar taron. Kada ka bar shi. Ka yi wa abin da Allah ya ba ka suna a ƙofar gida, ka gayyaci kowa. Sai dai akwai abin ɗauka a ciki, akwai abin ajiyewa, kuma ina so ka gane dalili, don gobe in an tare ka da zancen ka amsa da bakinka, ba ka ce "Gwaggo ce ta faɗa" ba.

Buɗe Luka sura ta 1, daga aya 57. Da Alisabatu ta haihu, maƙwabta da dangi suka taru a rana ta takwas don kaciya da suna. Suka so a sa wa yaron sunan ubansa Zakariya, uwar ta ce a'a, Yahaya za a kira shi. Suka ce mata ai babu mai wannan suna a danginku. Sai da uban, wanda bakinsa ke rufe tun ranar da mala'ika ya yi masa magana, ya nemi allo ya rubuta. Duk macen da ta taɓa zama tsakar gida ranar suna a Maraɗi ta san irin wannan gardama. A sura ta 2 aya 21 kuma, Ubangiji da kansa a rana ta takwas aka sa masa suna. Su Yahudawa suna haɗa ranar haihuwa cikin lissafi, shi ya sa suke cewa takwas, mu muke cewa bakwai, amma rana ɗaya ce: wanda aka haifa Talata, Talatar da ta zagayo ake sunansa. Abin da aka yi wa Yesu, wa zai ce maka ba na masu bi ba ne?

Zancen ba yau ya fara ba. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru suka zauna Tsibiri, kusa da Maraɗi. Sun yi mana alherin da ba mu mantawa: karatun boko, magani, da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, wanda cikakkensa ya fito a 1932. Amma da yawansu sun yi ɗari-ɗari da al'adunmu, duk inda suka ji kiɗa ko suka ga yanka sai su ɗauka ko tsafi ne ko Musulunci. Kakanka ya sha ba mu labarin masu bi na farko da suka daina taron suna. Ɗan da ba a tara jama'a aka yi wa suna ba, ka san abin da ake kiransa a ƙasar nan, kuma uwarsa ce ke shan kunyar. Dattawan ikilisiya na wancan lokaci suka ga bai kamata bin Almasihu ya jawo wa matar kirki zargi ba, suka riƙe taron, suka sauya abin da ake faɗa a cikinsa.

Kai ba ka tarar da tsoron da aka yi renon kakanninka da shi ba, shi ya sa kake ganin rago da goro su ne zancen. Gidanmu asalinsa gidan Arna ne. Kafin kakanka ya tuba, kakarka ta binne 'ya'ya uku a jere, babu wanda ya kai yaye. Aka ce wabi take. Da ta haifi babban wanmu, aka kai shi bakin juji aka ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko shi kamar tsintarsa ta yi, aka riƙa kiransa Ajuji, don abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ya ga ba a damu da wannan ba ya wuce shi. Irin su Ayashe da Barmani duk daga nan suka fito. Ka duba abin da tsoro ke sa uwa ta yi: ɗan da take so kamar ranta, ta nuna wa duniya ta yar da shi. Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta sa masa riga mai kyau. Wuƙa na ƙarƙashin tabarmarsa dare da rana, layu a wuya, guru a ƙugu, kaza kuma ba ta ƙarewa a gindin tsamiya.

Ciwon fata ne ya kai kakanka Danja, asibitin kutare da aka buɗe a 1956. Can ya sha magani, can ya koyi karatu, can ya ji bishara ya gaskata. Daren da aka haifi mahaifinka ina yarinya, amma da wayona. Ungozoma ta gama aikinta, uwar kakanka ta zo da wuƙa za ta tura ƙarƙashin shimfiɗar jariri. Kakarka tana kwance, ko tashi ba ta iya yi, ta miƙa hannu ta karɓi wuƙar, ta ba ni ta ce in mai da ita madafa, can ne wurinta. Tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce za su kashe mata jika. Kakanka bai yi mata faɗa ba. Ya jawo aci-balbal, ya tsaya bakin ƙofa ya karanta Zabura ta 121, yana bin kalmomin da yatsa don karatun nasa bai nuna sosai ba, inda aka ce mai kiyaye mu ba ya gyangyaɗi, ba ya barci.

Kada ka ɗauka daga ranar mutuwa ta daina shiga gidanmu. Bayan mahaifinka an haifi wata ɗiya, ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara biyu. Kakarka ta yi kuka har muryarta ta dushe. Amma ba ta je wurin boka a duba mata wa ya ci ɗiyarta ba, ba ta nuna maƙwabciya da yatsa ta ce mayya ba, alhali a da da wuya a yi irin wannan rashi ba a ɓata da wani ba. Da ta sake haihuwa kuma ba ta ɓoye ba. Ta yi wa jaririya ado, ta kira ta da suna mai daɗi a gaban kowa. Wannan ne aikin da bangaskiya ta yi a ɗakin uwata, na gani da idona. Daga wannan zamani ne aka fara jin sunaye irin su Godiya da Murna da Alheri da Bege a gidajen masu bi.

To, da wannan ma'auni za ka auna sauran. Duk abin da ake yi don a tsare jariri daga wani abu da ake tsoro, ko don a biya wani abin ɓoye, ka ajiye shi. Abin da ake yi don murna da zumunci, ka riƙe.

Rago, in kana da hali, ka yanka. Amma ka sani a zuciyarka ba fansar yaro ba ne, ba kuma jininsa ne ke tabbatar da suna ba. Ibraniyawa sura ta 10 ta rufe wannan: hadaya ɗaya aka yi, sau ɗaya, ta isa. Ragonka abincin baƙi ne. Saboda haka ni shawarata ka ba Musulmi ya yanka, ko maƙwabcin surukanka ko mahauci, don baffanninka na Tsibiri da mutanen unguwa su ci hankali kwance. Akwai masu bi da ba su yarda da haka ba, na sani, kuma ba na raina su. Amma ni na karanta Romawa sura ta 14, na ga Bulus ya fi damuwa da mutumin da ke zaune kusa da kai fiye da abin da ke cikin akushi. Wane amfani ne ka gayyaci mutum, ka ajiye masa abin da ba zai iya sa hannu ba? Su ma ai ran Layya ba su taɓa tsallake ƙofarmu ba.

In kuwa babu hali, kada ka ci bashi. Nan ne samarinmu ke faɗawa rami. Mutum albashinsa bai kai ba, ya ɗauko ragon jika 100 bashi, ya ƙara da runfa da kujeru da masu kiɗa, yaro ya fara rarrafe uban na ɓuya wa mai rago. Yusufu da Maryamu, da suka kai Yesu Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu shari'a ta ce su kai, abin da Littafin Firistoci sura ta 12 ya yanka wa macen da ba ta iya sayen ɗan rago. Allah bai ji kunyar ɗansa ya shiga gidan da ba su da kuɗin rago ba. Akuya ta isa, kaji ma sun isa. Haka zancen bikin mata, inda wadda ta kawo miki jika sai kin mai da mata biyu, a rubuta a littafi ana bin juna kamar adashi. Mu a Zumuntar Mata ta ikilisiya mun daɗe muna ce wa junanmu kowa ta kawo abin da ta iya, kada a rubuta, kada a ninka. Ba duka suke ji ba, amma an rage, kuma na ga matan da suka daina gudun gidan haihuwa saboda ba su da abin mayarwa.

Wanzami ya zo ya yi aski, a sallame shi da mutunci, sana'ar gadonsa ce. Amma ban da cire beli, ban da tsaga, kuma in ɗiya ce kada ƙarfe ya taɓa jikinta. Jarirai sun sha zubar da jini a kan abin da ba ciwo ba. Reza sabuwa za a ɓare a gabanka. Nonon fari, dakashin nan da tsofaffi ke cewa a matse a zubar, shi ne maganin farko na jariri, a ba shi. Ruwan wankan jego kada ya kai na ƙuna, kunun kanwa kuma a sassauta kanwar, don tana wahal da zuciyar mai jego. Naƙuda in ta tashi a tafi likita nan da nan, kada a ce kunyar haihuwar fari. Na ziyarci 'yan mata a sashen masu yoyon fitsari da aka buɗe a Danja a 2012, yawancinsu doguwar naƙuda a ɗaki ce ta kai su. Wannan duk na riga na yi magana da surukarka, mace ce mai fahimta.

Ranar kuwa, da sassafe za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ka gaya wa fasto tun da wuri ya taƙaita. Waƙa ɗaya, karatu, a faɗi suna, addu'a domin yaro da uwarsa da dukan unguwa, a raba goro da dabino. Ba ranar gardamar addini ba ce. Mutanen da suka baro shagunansu suka zo taya ka murna baƙinka ne, kada a tsare su a yi musu gugar zana. Na sha ganin malami da carbinsa zaune yana cewa amin in fasto ya roƙa wa jariri rai da albarka. In sun ce maka "Allah ya raya," ka amsa da dukan zuciyarka, don abin da kai ma kake roƙo ke nan. Zancen kai jariri majami'a kuma yana nan, in mai jego ta yi arba'in ta fito, sai ku tsaya gaban ikilisiya ku miƙa shi ga Ubangiji. Wannan ba ya hana wancan.

Saura kunyar ɗan fari, ko da ba ka tambaya ba. Za su ce kada ka ɗauke shi gaban mutane, kada ka ambaci sunansa. A gaban surukanka ka yi kara, ladabi ne, ba ya rage ka da komai. Amma a ɗakinku ka ɗauki abinka, ka kira sunansa in kana yi masa addu'a. 'Yan fari da yawa a ƙasar nan sun girma ba su taɓa jin sunansu a bakin ubansu ba, har suka yi zaton ba a son su. Sunan kuma ku zaɓe shi tare da matarka, ita ta ɗauki cikin.

Ka nemi izini wurin aiki tun yanzu, don in an haihu kwana bakwai ba su da yawa, hanyar Yamai kuma wuni guda ce. Kada ka sayo goro can, zan sa a ɗauko a babbar kasuwa. Ka zo da katin shaidarka saboda takardar haihuwa. Ka gaishe mini da fastonku, da samarin nan ma, ka ce in sun sami hali su biyo ka su ci suna.

Gwaggonka.