Tambaya da Amsa: Sifikar Ƙaho a Falon Gida

Tambaya: Malam, ni kafinta ne a Zariya, kuma da sola muke amfani a gida. An ce min sifika mai ƙaho ba ta cin wuta. Gaskiya ne? In haka ne, wane girma zan yi wa akwatin don bes, wato sauti mai kauri, ya fito sosai?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka. Sifikar da aka saba da ita tana ture iska ne kai tsaye, ita kuwa iska ba ta da nauyi, sai ta goce gefe. Shi ya sa kusan kashi 1 cikin 100 na wutar ne kawai ke zama sauti. Ƙaho yana matse iskar a maƙogwaro, sannan ya buɗe mata hanya sannu a hankali har zuwa baki, kamar dai yadda kakaki yake. Sifikar akwati takan ba da desibel 88 (ma'aunin ƙarfin sauti) da wat ɗaya, in an auna daga nisan mita ɗaya. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa don sayarwa a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka a 1946, tana ba da wajen 105. Wannan tazara ta desibel 17 na nufin aikin da wat 50 zai yi a waccan, wat ɗaya ya ishe shi a wannan. Ga mai batir, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne girma. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon sautin bes mai 50 Hz (kaɗawa 50 a daƙiƙa), wato tazarar da yake ci a kaɗawa ɗaya, ya kusa mita 7. Ana son kewayen bakin ƙahon ya kai tsawon wannan zango, wato baki mai faɗin mita 2.2. Wa zai shigar da wannan falo? Dabarar Klipsch ita ce ya naɗe ƙahon cikin akwati ya tura shi kusurwar ɗaki, bango biyu da daɓe su ƙarasa aikin bakin. A kusurwa, kashi ɗaya cikin takwas na filin bakin ya wadatar, kimanin murabba'in santimita 4,700. Ginin bulo irin namu ya dace da wannan ƙwarai, muddin akwai fiye da mita ɗaya na bango a kowane gefe, ba ƙofa ba taga.

Sai tsawo. Ƙahon 50 Hz yana ninka filinsa sau biyu ne duk bayan santimita 38. In maƙogwaron murabba'in santimita 300 ne, ninki huɗu zai kai ka baki, tsawon hanya kusan mita ɗaya da rabi. Kada ka rage bakin ko tsawon don katako ya isa. In ka rage, sauti zai riƙa komawa ciki daga bakin, wani amo ya yi tsawa, wani ya ɓace. Kafin ka ɗora zarto, gwada lissafin a Hornresp, manhajar kwamfuta ta kyauta da David McBean ya rubuta, kuma ka nemi wufa, wato sifikar da ke fitar da bes, mai ƙarfin maganaɗisu wadda Qts ɗinta (ma'aunin da ke nuna yadda ake riƙe motsinta) bai kai 0.3 ba. Yi amfani da filawud mai kaurin milimita 18, domin katakon MDF na kumbura da laimar damina. A sa gam a kowace gaɓa, a ɗaure da sukuru, a toshe ɗakin bayan wufar ruf. Ƙaramar kafa a wurin tana iya cinye bes ɗin gaba ɗaya.

Shawarata dai, in aikinka na farko ne, sa wufa mai inci 12 ko 15 a akwati na yau da kullum, ka ɗora ƙaho a sama don tsaka-tsakin sauti da na sama. A nan ne ƙaho ya fi biyan wahalarsa.

Tambaya: Ina da tsohuwar lasifikar masallaci ta ƙarfe. Zan iya sa ta a falo?

Amsa: A'a. Don magana ta kai nesa aka yi ta. Ba ta da bes, ba ta kai sautin sama, kuma siririn ƙarfenta na yin amo irin nasa. A ɗaki, kunne zai gaji da ita nan take.

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo ne a Maraɗi. Na haɗa tiwitar ƙaho, wato sifikar siririn sauti, mai maƙogwaron inci ɗaya da wufa. Sautin na huda kunne, ana jin "sss" ko ba a kunna komai ba, kuma ta ƙone min. Ina matsalar?

Amsa: Malam, matsala biyu ce ta haɗu. Ta farko, bes na shiga tiwitar. Fatarta mai kaɗawa ta ba da sauti na motsi ne a ɗan tsukin da bai kai milimita ɗaya ba, in bes ya shiga sai ta bugi ƙarfen gabanta ko wayarta ta ƙone. Ga mai om 8, in za a raba sauti a 1,500 Hz, sa kafasita 10 µF marar fuska a jere da tiwitar, sannan naɗin waya mai 1.2 mH a gicciye bayanta; wannan haɗin mai raba sauti shi ake kira kurosoba. Duba takardar kamfanin ka ga mafi ƙarancin wurin rabon da suka yarda da shi. Shi kansa ƙahon, ya zama yana aiki har ƙasa zuwa wajen 800 Hz. In ƙarami ne, ɗaga wurin rabon, in ba haka ba murya za ta fito kamar ta mai mura.

Ta biyu, tiwitar ta fi wufar ƙara da kusan desibel 10, shi ne hudar kunnen da kake ji. Bayan kurosobar, sa razista 5.6 om a jere, da 3.9 om a gicciye kan ƙafafun tiwitar, kowace mai wat 10. Wannan zai sauke ta daidai da wufar, ya kuma rage "sss" ɗin, wanda daga amfilifaya yake fitowa, ƙaho ya tona shi. In ƙahon na roba ne, ƙwanƙwasa shi da yatsa. In ya yi ƙara, liƙa masa kwalta ko roba mai kauri a baya. Kuma kada ka murɗa ƙaramar amfilifaya har sauti ya fashe, domin fasasshen sauti na tura wuta mai yawa zuwa tiwita, ya dafa wayarta ko da kurosobar na nan daidai.