Sai na yi gwajin bakin mahaifa kafin a ba ni ƙwayar tazarar haihuwa?

'Yar'uwa, kin ce an hana ki ƙwayar sai kin kwanta an yi miki gwajin bakin mahaifa. Abubuwa biyu ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wannan gwajin cikin sharuɗɗan ba da ƙwaya ba. Abin da ya kamata a duba shi ne hawan jini, a kuma tambaye ki ko kina shan taba, ko jini ya taɓa daskare miki a jijiya, ko kina da ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido. Nan ne haɗarin yake, kada ki ɓoye komai.

Gwajin kuwa, da yardarki ake yinsa. Kina iya neman mace ta yi miki, ki shiga da wadda kika amince da ita, ki ce a tsaya ko an riga an fara.

Amma a ganina kada fushi ya sa ki watsar da shi. Ƙwayar cutar HPV, wadda gwajin ke neman ta ko alamunta a bakin mahaifa, takan daɗe shiru kafin ta jawo sankara, shi ya sa ake so a fara gwajin daga shekara 30, masu HIV daga 25. In kina ganin jini bayan saduwa, ki ga likitan mata ba jinkiri.