Riƙo ne ko Ajiya? Amsoshin Wasiƙunku

Malam, ina koyon gyaran kayan lantarki. A littafinmu an ambaci wata kwalbar osiloskof (na'urar da ke zana siginar lantarki a fuskar gilashi) ta da, wadda zane ke tsayawa a fuskarta bayan siginar ta wuce. Malaminmu ya kira ta "kwalbar ajiya". Daidai ne?

Da girmamawa ga malaminka, ɗana, ni ban yarda ba. Wannan kalma ta ajiya an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Kuɗi a banki ajiya, hoto a waya ajiya, komai ajiya, kamar ba mu da adana da taskace da riƙe. Abin da ka ajiye ya bar idonka, yana cikin adaka ko rumbu sai ranar buƙata. Abin da ka riƙe kuwa yana hannunka, kowa na gani.

To dubi aikin kwalbar. Tun da masanin kimiyya Karl Ferdinand Braun ya ƙera kwalbar osiloskof ta farko a Jamus a 1897, matsalarta ɗaya ce: ɗigon haske ya zana layi, kafin ƙiftawar ido ya ɓace. Masu aikin rada, na'urar hango jirage daga nesa, a Yaƙin Duniya na Biyu sun sha wahalar wannan, don eriya tana juyawa a hankali, kafin ta zagayo alamar jirgin ta dushe. Sai aka shafa wa gilashin sinadari mai jinkirin dushewa. A Ingila kuma aka yi amfani da wata kwalba mai suna Skiatron, wadda ke barin tabo mai duhu a kan gishirin fotasiyam, sai da zafi ko haske mai ƙarfi yake gogewa. Daga baya wani injiniya mai suna Andrew Haeff ya yi aiki a kan kwalbar da caji ke zama a inda aka zana, wani ruwan lantarki mai laushi yana ta haskaka wurin. A 1962 kamfanin Tektronix na Amurka ya fito da osiloskof samfurin 564, bisa ƙirar Robert Anderson, mai tsayar da zane har kusan awa guda.

Ka gani? Zanen bai shiga ko'ina ba, yana nan gabanka. Kamar allon almajiri ne: rubutu na nan har a wanke, kuma ba a goge layi ɗaya a bar sauran, sai dai allon duka ko rabinsa. Ka ce "kwalba mai riƙe zane".

Rada da raɗa kalma ɗaya ce?

A'a. Rada aro ce, taƙaitaccen suna da sojan ruwan Amurka suka ƙirƙira a 1940. Raɗa tamu ce, magana a kunne. Don Allah ku riƙa sa lanƙwasa, ragwanci ne ke haɗa su.

Mene ne asalin sunan Skiatron?

Daga kalmar Girkanci mai nufin inuwa.

"Ajiya maganin wata rana" ta dace da wannan na'ura?

Ba ta dace ba, 'yata. Karin maganar tana nufin tanadi na dogon lokaci, hatsin da ka ɓoye da kaka ya cece ka da bazara. Zanen wannan kwalba ba a yi shi don ya kai wata rana ba, shi ya sa injiniyan da ke son ya adana shi yakan kafa kyamara a fuskar gilashin ya ɗauki hoto.