Alhaji, ina takardar kayan da ka riga ka biya?

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya turo min tambaya. Ƙanin matarsa da ke karatu a Edmonton, can Kanada, ya ce masa ya samu kwalaye na tsofaffin katunan 'yan wasan hoki na ƙanƙara, na tunawa da kofin Stanley da ƙungiyar Oilers ta garin Edmonton ta ci a 1990, wai irinsu kati ɗaya tak ana sayar da shi miliyoyin daloli. Alhaji ya riga ya tura dala 2,000, yanzu yaron na neman ƙarin 3,000 kafin wani ya riga su. Ya tura?

Kar ka tura ko sisi Alhaji. Na karanta saƙonka sau biyu ina neman abu ɗaya ban gani ba, wato jerin kayan da kuɗinka na farko ya saya. Wane kamfani ya buga su, wace shekara, guda nawa, hoton waye a jiki? Kai da ba a sauke maka dila a shago sai ka ƙirga turmi ɗaya bayan ɗaya ka shafa ka ji ko ta gaske ce, yau ka biya kuɗin kayan da ko sunansu baka sani ba, don kawai ƙanin Hajiya ne ya faɗa.

Maganar miliyoyin nan ba ƙarya ba ce, amma ba naka ake nufi ba. Katin farko na shahararren ɗan wasan hoki Wayne Gretzky ne, bugun kamfanin O-Pee-Chee na 1979, wanda kamfanin PSA mai tantance ingancin katuna ya duba ya ba shi maki 10 cif, shi aka saya dala miliyan 3.75 a 2021. To Gretzky ɗin ma ya bar Edmonton tun 1988, ba ya cikin waɗanda suka ɗaga kofin 1990, Mark Messier ne kyaftin lokacin. Kuma abin da ya fi damuna shine shekarar nan ta 1990, daidai lokacin ne kamfanonin Pro Set da Score da Upper Deck suka shigo harkar katin hoki suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran tsada, har yau kwalayen na nan jibge a gidajen mutane ko buɗewa ba a yi ba. Mafi yawansu kuɗin da zaka biya PSA su duba maka kati ɗaya ya fi kuɗin katin kansa. Ga kasuwar intanet ta eBay kuma zasu cire wajen kashi 13 cikin ɗari idan ma an samu mai saye.

Ban ce yaron macuci ba ne fa, mai yiwuwa shima hira ya ji ya ruɗe. Amma na ga irin wannan da idona. Wani maƙwabcina ya yi shekara biyu yana tura wa ɗan yayarsa kuɗin sarin wayoyi a Dubai, babu rasit, babu komai a rubuce, kunya ta hana shi tambaya. Ranar da aka zauna lissafi a falon babbar yayarsu, shi yana faɗin adadi yaron na faɗin wani, babu mai takarda a hannu, tsohuwa sai kuka. Kuɗin bai dawo ba, kuma har Sallah basa gaisawa.

Don haka yau ɗin nan ka ce ya rubuto maka jerin a WhatsApp, da hoton kowane kwali gaba da baya, da rasit ɗin wanda ya sayar masa. Sannan ya shiga eBay ya nuno maka farashin da aka sayar da irinsu a watan nan, wanda aka biya da gaske, ba wanda mai kaya ya liƙa yana fata ba. In Allah ya sa akwai katin nan mai ƙyalli na hoton kofin Stanley da Pro Set ya buga guda 5,000 kacal, wannan kam yana da daraja, a ware shi. Sauran ya sayar ko da faɗuwa ne ya turo abin da ya samu. Kuma ka fara gaya wa Hajiya kafin ka kira shi.